Binciken Cutar Tsohuwar Rakoda

A gidaje da dama na Boɗinga da Shagari, da garuruwan da ke kewaye da su irin su Sifawa da Dingyaɗi da Kajiji, idan mutum ya shiga turakar maigida ko ɗakin uwargida yakan tarar da wata tsohuwar rakoda a bisa kabad, an lulluɓe ta da ƙyalle. Wasu tsarabar Makka ce da alhazai suka riƙo a shekarun 1970 da na 1980, wasu kuwa an saye su ne a kasuwar Sakkwato lokacin da ake yayin National da Sharp da Sanyo. Yawancinsu masu lasifika biyu ne, ɗaya a dama ɗaya a hagu, wato irin waɗanda ake kira sitiriyo. Yau wayar hannu da katin memori sun ƙwace musu kasuwa, amma ba a zubar da su ba, domin kusa da kowace akwai kwali cike da kaset: karatun malamai, waƙoƙin Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Ɗan Anace, da kuma muryoyin 'yan uwa waɗanda ba za a sake jin su a ko'ina ba.

A wani hutun ƙarshen zango na je gaishe da wani dattijo abokin mahaifina a Shagari. Bayan mun gaisa sai ya nuna mini tasa rakodar, ya ce, "Malam, wagga aba ta gaji. An ce zuciyatta ta ƙone, kuɗin gyaran sun ɗara na sabuwa." Abin da ya dame shi ba rakodar ba ce. Wani kaset ne da wansa ya aiko daga Makka, inda ya zauna har Allah ya yi masa rasuwa, kuma an shekara da shekaru ba a saurare shi ba. Na ce, "Baba, a ba ni aronta zuwa la'asar." Abin da na yi a wannan yini shi ne zan bi da mai karatu a kansa, domin babu wani mataki a ciki da ya fi ƙarfin ɗalibin da ya yi darasin lantarki a aji huɗu na sakandare, kuma kayan aikin ba su wuce batir, da auduga, da sifirit, da sukudireba ba.

Saƙon da ya ɓata a hanya

Mu ƙaddara an ba direba saƙo daga Sakkwato zuwa Jega, saƙon bai isa ba. Mai gaggawa zai fara tambaya daga tashar Sakkwato, ya bi gari gari. Mai dabara kuwa sai ya nufi tsakiyar hanya, ya tambaya a Shagari ko motar ta wuce. In an ce ta wuce, ya huta da binciken Boɗinga da duk abin da ke bayanta, sai ya fuskanci Tambuwal. In an ce ba a gan ta ba, ya huta da rabin gaba. Tambaya ɗaya ta rage masa rabin wahala.

Sauti ma matafiyi ne, kuma yana da zangunansa a cikin rakoda. Zango na farko shi ne wuta, ko ta batir ko ta soket, wadda ita ke ciyar da sauran duka. Na biyu shi ne mafarin sauti, wato ɓangaren rediyo ko na kaset ko na faifai. Daga nan sai makunnin da ake zaɓar ɗaya daga cikinsu, sai maƙarin murya wanda masu gyara ke kira bolum, sai amfilifaya mai ƙara wa sauti ƙarfi, sai ramin da ake soka abin ji na kunne, sai waya, sai lasifika. Zango takwas ke nan. In aka raba takwas biyu an sami huɗu, a raba huɗu a sami biyu, a raba biyu a sami ɗaya. Ashe tambayoyi uku masu kyau sun isa su nuna zangon da cuta take, ba tare da an kwance ko kusa ɗaya ba.

Tambaya ta farko ita ce: cutar tana bin rediyo da kaset duka, ko ɗaya kaɗai? A kamo tashar Rima a saurara, sannan a sa kaset. In rediyo lafiya lau kaset ne ke gardama, to amfilifaya da lasifika sun kuɓuta, tunda rediyon ma ta cikinsu yake bi. Ta biyu: gefe ɗaya ne ko duka biyu? A nan ne sitiriyo ta fi rediyo mai baki ɗaya daɗin bincike, domin komai nata biyu ne, gefen da ke da lafiya ya zama ma'aunin wanda ba shi da ita. In lasifikokin masu cirewa ne, sai a musanya su, ta dama ta koma hagu. Idan shirun ya bi lasifikar zuwa sabon wurinta, laifinta ne ko na wayarta. Idan ya tsaya inda yake, laifin yana cikin akwatin. Ta uku: me ake ji a abin ji na kunne?

Sharaɗi guda ne, kuma shi ne wanda malaman kimiyya ke nanatawa a ɗakin gwaji: a canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, a rubuta abin da aka gani. Wanda ya canza batir, ya goge nan, ya murɗa can, sannan ya kunna, ko da rakodar ta tashi bai san abin da ya warkar da ita ba, kuma ranar da ta sake kwantawa zai koma farko.

Rakodar Baba tana da cuta uku a haɗe. Gefen hagu shiru ne a rediyo da kaset duka. Kaset yana jan ƙafa, murya tana lanƙwasa kamar mai maye. Sannan abin da ke fitowa daga kaset ɗin a dushe yake, kamar ana magana daga cikin rijiya. Ban gwada ta da kaset ɗin marigayi ba, kuma ina roƙon mai karatu kada ya taɓa gwada rakoda mai ciwo da kaset ɗin da ba shi da na biyu. A nemi wanda ko ta cinye shi ba a yi asara ba.

A fara da wuta

Kafin komai, a tabbatar rakodar tana ƙoshi. Mai cin manyan batura shida tana buƙatar bolt 9, tunda kowane batir bolt 1.5 ne. Idan batura sun yi sanyi, rediyo yakan ci gaba da magana alhali kaset yana ja da ƙyar, saboda injin da ke juya kaset ya fi ɓangaren rediyo cin wuta nesa ba kusa ba. Mutane da yawa sun kai rakoda wurin gyara a kan abin da sababbin batura za su magance. A duba gidan batir kuma. Baturan da aka manta a ciki sukan yi yoyo, su bar tsatsa ko wani farin gari a kan ƙarafan da ke taɓa su. A kankare da samfefa har ƙarfen ya yi ƙyalli, sannan a wanke hannu da sabulu, domin garin yana cin fata.

A bayan rakodar da aka shigo da ita daga waje sau da yawa akwai ɗan makunni da aka rubuta 110 da 220 a jikinsa. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. In yaro ya murɗa makunnin nan zuwa 110 aka soka ta a soket ɗinmu, taransifomar ciki ta karɓi ninki biyu na abin da aka shirya ta dominsa, kuma ba ta daɗewa take ƙonewa, da wari irin na ƙonannen fenti. Haka kuma masu jona rakoda da batirin mota ko na sola su kula: bolt 12 ba 9 ba ne, kuma juya waya ja da baƙa na iya kashe amfilifaya nan take.

Akwai kuma fis, ɗan kwalba mai siririyar waya a ciki. Aikinsa shi ne ya mutu domin sauran su rayu. In ya tsinke a sa wani mai lamba iri ɗaya da tasa. In sabon ya sake tsinkewa, a tsaya nan, akwai abin da ke zuƙar wuta fiye da kima a ciki, aikin mai gyara ne. Al'adar naɗe fis da takardar kwalin taba ko a ɗaura masa waya ita ce ta mayar da gyaran 'yan kuɗi kaɗan zuwa gobara a gidaje da dama. Wajibi ne kuma ɗalibi ya riƙe wannan: ba a buɗe bayan rakoda tana jone da soket, kuma duk gwajin da za a yi da baya a buɗe, da batir za a yi shi.

Gefen da ya yi shiru

Da na soka abin ji na kunne a rakodar Baba, sai na ji Rima tangaran a kunnuwa biyu. Wannan gwaji kaɗai ya wanke "zuciyar" da aka ce ta ƙone, domin a irin wannan rakoda sautin da ke zuwa kunne daga amfilifayar yake fitowa. Saƙo ya wuce Shagari ke nan. Saura zango uku: ramin, da waya, da lasifika.

Lasifika ba ta da wuyar gwaji. A cikinta akwai maganaɗisu, da wani naɗin siririyar waya da ke manne da faifan takarda. In wuta ta ratsa naɗin sai ya zama maganaɗisu shi ma, ya tura ko ya jawo, takardar ta motsa, iska ta girgiza, kunne ya ji. Tushen wannan shi ne abin da Oersted ya gano a 1820, cewa wutar da ke bin waya tana karkatar da allurar kamfas, kuma irin lasifikar da muke amfani da ita Rice da Kellogg ne suka bayyana ta a Amurka a 1925. Saboda haka a cire wayoyin lasifikar daga jikin rakoda, a taɓa su a kan batir ɗaya na bolt 1.5 na ɗan ƙiftawar ido. Lafiyayya za ta ce "ƙwas", a ga takardar ta zabura. In makaranta tana da mita, naɗin lasifika mai om 8 yakan nuna wajen 6 ko 7, wanda ya tsinke kuwa ba ya motsa mitar sam. Ta Baba ta ce "ƙwas".

Sai ramin abin ji na kunne. Mutane kaɗan ne suka san cewa a cikinsa akwai ɗan makunni, wasu 'yan ƙarafa masu tauri da ke rabuwa in an soka abin ji domin lasifika ta yi shiru, su koma su haɗe in an zare. In ƙura da tsatsa suka shiga tsakaninsu, ko an zare ba sa haɗewa sosai. Na ɗiga sifirit a bakin abin jin, na soka na zare kamar sau ashirin. Gefen hagu ya yi tari, ya buɗe. Irin wannan makunni yana nan a ramin da ake soka wayar wuta, shi ne ke yanke batura in an jona da soket, kuma in ya maƙale sai rakoda ta yi aiki da wuta ta ƙi yi da batir.

Wannan cuta ta ƙazantar mahaɗa ita ce ta fi kowace yawa a ƙasarmu. Ƙurar hunturu, wadda mafi yawanta iska ke kwasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, tana da laushin da babu ƙyallen da zai tare ta, in damina ta zo kuma laima ta mayar da ita ɗanko. Ita ce ke sa bolum ƙarar "ƙyar-ƙyar" in ana murɗa shi, domin a cikinsa wani ɗan harshe ne na ƙarfe ke gogar hanyar gawayi. Sau da yawa murɗa shi daga ƙarshe zuwa ƙarshe sau talatin, rakoda a kashe, yana share hanyar. Akwai kuma wani dogon makunni a kan allon ciki wanda ke motsi sa'ad da aka danna maɓallin ɗauka kaɗai. Tunda an daina ɗaukar murya yakan shekara goma bai motsa ba, sai ya jawo kuka, ko shirun gefe ɗaya a kaset. Maganinsa a sa kaset marar amfani, a danna ɗauka a saki, a maimaita sau da yawa. Kada a zuba man inji ko man gyaɗa ko kananzir a ko ɗaya daga waɗannan wurare. Mai yana kama ƙura, kananzir kuma yana cin roba.

Af, kafin in bar lasifika: a leƙa cikinta. Na sha ganin gidan zanzaro a manne da takardar, da ɓarnar kyankyaso da ɓera. Ƙaramar yagewa ana liƙe ta da takarda mai laushi da gam kaɗan. Masu ƙara lasifika ranar biki kuma su yi lissafi tukuna. Biyu masu om 4 in aka jona su baki da baki a waya ɗaya sun zama om 2, kuma bisa ƙa'idar Ohm, in turjiya ta ragu da rabi wutar da ake ja ta ninka. Ta wannan hanya ce amfilifaya ke ƙonewa da gaske.

Abin da ya sa kaset ke dushewa

Kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya fito da kaset a 1963, a ƙarƙashin jagorancin injiniya Lou Ottens, wanda ya rasu a 2021. Zaren kaset leda ce mai faɗin milimita 3.81, an shafe fuska ɗaya da garin tsatsar ƙarfe mai riƙe maganaɗisu. Yana wucewa ta gaban wani ɗan ƙarfe mai sheƙi da masu gyara ke kira hed, da saurin santimita 4.76 a kowane sakan. Canjin maganaɗisun da ke wucewa shi ke haifar da 'yar wuta a naɗin wayar da ke cikin hed, kamar yadda Faraday ya nuna a 1831.

Ga lissafin da ya kamata kowane ɗalibi ya yi da kansa. Siririn sauti mai girgiza 10,000 a sakan, wane tsawo kowace girgiza tasa ke ci a kan zare? A raba santimita 4.76 gida 10,000, za a sami mikiromita 4.76. Mikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, kuma kaurin gashin kai ya ninka wannan tsawo fiye da sau goma. Kakkauran sauti mai girgiza 200 kuwa, kowace girgiza tasa tana cin mikiromita 238. A 1951 wani masani a Amurka mai suna Wallace ya nuna cewa in aka sami tazara tsakanin zare da hed, sauti yana raguwa gwargwadon girman tazarar in an gwada ta da tsawon girgizar. Bisa ƙa'idarsa, dattin da kaurinsa bai wuce mikiromita ɗaya ba, wanda ido ba ya gani, yana mayar da wancan siririn sauti wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinsa, alhali kakkauran ko a jikinsa. Shi ya sa a rakoda mai dattin hed ake jin ganga amma ba a jin kuge, ana jin muryar malami amma "sa" da "sha" da "tsa" sun narke sun zama abu guda.

Maganin wannan babban bayani tsinke ne da auduga da sifirit. A goge hed har audugar ta daina fitowa da launin ƙasa, a bari ya bushe. Kada a kankare shi da wuƙa ko allura. A gefen hed akwai ɗan sukuru mai daidaita tsayuwarsa. In ya karkace ko kaɗan sauti yakan dushe kamar na datti, amma kada a taɓa shi sai an goge an ga ba sauyi, kuma a yi alama a inda yake, a murɗa kaɗan kaɗan ana saurare. A duba kaset ɗin kansa ma: a tsakiyar bakinsa akwai ɗan soso mai danna zare a kan hed, in ya faɗi babu rakodar da za ta fitar da muryarsa da kyau.

Jan ƙafa kuwa aikin roba ne. Inji yana juya wani babban faifan ƙarfe ta hanyar bel na roba, faifan yana juya wata siririyar sanda, zaren kuma yana bi tsakanin sandar da wata 'yar tayar roba mai matse shi. Roba ba ta shiri da zafi. Bayan shekaru a ɗakin kwano, bel ko dai ya saki yana santsi, ko ya narke ya zama baƙin ɗanko kamar kwalta. Na Baba ya saki har yana faɗowa da kansa. A zagaya hanyar bel ɗin da zaren ɗinki a auna tsawonta, a nemi wanda ya gaza wannan kaɗan a wurin masu gyaran rediyo, sau da yawa daga jikin wata matacciyar rakoda. Robar ɗaure kuɗi tana iya tabbatar da cewa bel ne matsalar, amma kaurinta ba daidai yake ba, murya za ta riƙa rawa, kuma ba ta daɗewa take tsinkewa. Tayar matsi kuma a goge ta da ƙyalle mai ɗan ruwan sabulu har santsin ya fita.

Cin kaset daga nan yake tasowa. Sanda tana ta turo zare, amma ƙafar da ya kamata ta naɗe shi ta tsaya saboda robarta ta gaji, ko kuma zaren ya manne a jikin taya mai ɗanko. Kafin a amince da rakoda, a buɗe ƙofar kaset, a danna maɓallin tafiya ba kaset a ciki, a ɗan riƙe ƙafar naɗi da yatsa. In ta tsaya da taɓawa kaɗan, za ta ci zare. Na faifan CD ba shi da dogon bayani: a goge ɗan gilashin idonsa a hankali da busasshiyar auduga, rakoda a kashe, kada kuma a leƙa cikinsa tana kunne.

Gurnani

Bayan an magance waɗancan uku, da muka jona rakodar da soket sai wata cuta ta huɗu ta bayyana, wani gurnani mai kauri a ƙarƙashin kowane sauti. Da batir babu shi. Murɗa bolum kuma ba ya ƙara shi ba ya rage shi. Waɗannan alamu biyu sun isa hukunci: ba daga rediyo ko kaset yake shigowa ba, tunda da bolum ya yi iko da shi. Daga ɓangaren wuta yake.

Wutar soket tana kai da komo sau 50 a sakan. Amfilifaya kuwa tana son wuta mai tafiya gefe ɗaya, shimfiɗaɗɗiya irin ta batir. Bayan taransifoma ta rage ƙarfinta, wasu ƙananan abubuwa da ake kira dayod sukan juyar da ita ta fuskanci gefe ɗaya, amma tana zuwa ne a guntu-guntu, sau 100 a sakan. Abin da ke shimfiɗe ta shi ne kafasita, wani ɗan gwangwani da ke kusa da taransifoma. Misalinta kamar randa ce a tsakar gida. Ɗan garuwa yana zuwa ya juye ya tafi, ya dawo ya juye, amma masu gida suna ɗiba a kowane lokaci ba yankewa, saboda randar tana riƙe da ruwa tsakanin zuwa da zuwa. In randar ta zama 'yar kasko, sai an jira ɗan garuwa kafin a sha. Gurnanin nan shi ne sawun ɗan garuwa, sau 100 a sakan.

Me ke mayar da randa kasko? A cikin irin wannan kafasita akwai takarda jiƙaƙƙiya da wani ruwan sinadari, kuma ruwan yana ƙafewa sannu a hankali. Ƙa'idar da masu ƙera ta ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin kwananta. Ɗauki wadda aka yi wa alkawarin awa 2,000 a digiri 85, wanda shi ne na gama-gari. A digiri 75 za ta yi 4,000, a 65 ta yi 8,000, a 55 ta yi 16,000, a 45 ta yi 32,000. In ana kunna rakoda awa biyar kullum, awa 32,000 ta haura shekara 17, awa 16,000 kuwa ba ta cika shekara 9 ba. A bazarar Sakkwato zafin inuwa yakan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, cikin akwatin da ke aiki a ƙarƙashin rufin kwano kuma ya fi haka. Ƙyallen nan da ake lulluɓa mata saboda ƙura, in ba a yaye shi sa'ad da take aiki ba, shi ma yana rage mata kwana, domin yana toshe ramukan shan iskarta.

Wani lokaci ido yana gane matacciyar kafasita, kanta ya kumbura ko gindinta ya yi yoyo, wani lokaci kuma ba ta nuna komai. Canza ta aikin dalma ne, ya fi kyau a bar wa mai gyara, ko a yi shi a gaban malami. A jikinta akwai lambobi biyu. Ta girma, misali 2200, a nemi daidai da ita. Ta bolt, misali 16, a nemi daidai ko wadda ta fi, kada a sa wadda ta gaza. Tana da ƙafa mai alamar ragi, in aka juya ta takan fashe. Babbar kafasita kuma tana riƙe wuta bayan an zare soket, musamman a manyan amfilifayoyi, saboda haka ba a kai mata yatsa.

Ba na cewa masu gyaran rediyo macuta ne. Da yawansu sun fi mu masu alli sanin cikin rakoda, kuma da kunne kaɗai sukan gane abin da mu sai mun auna. Sai dai mai gyara yana da aiki jibge a gabansa, kuma bin diddigin tsohuwar rakoda na iya cinye masa yini a kan ladan da bai taka kara ya karya ba, don haka "ta ƙone" ita ce gajeriyar amsa. Wanda ya je ya ce, "Gurnani take yi da wuta, ba ta yi da batir, bolum kuma ba ya canza shi," ya yi wa mai gyara rabin aiki, ya kuma san abin da zai biya kuɗinsa. Haka muka yi. A kan hanyata ta komawa na tsaya da ita wurin wani mai gyara a Boɗinga, ya canza kafasita ɗaya kafin in gama shan ruwa. Ko da a ce taransifomar ce ta ƙone, irin wannan rakoda tana iya ci gaba da rayuwa a kan batir.

Kaset ɗin kansa

Gyaran rakoda jinkiri ne kawai aka saya, domin zaren ma yana tsufa. A saman kowane kaset akwai 'yan kunnuwa biyu na roba. In aka ɓalle su, maɓallin ɗauka ba zai dannu ba, ba mai goge muryar bisa kuskure. Kaset ɗin da ya daɗe a ajiye a juya shi da biro daga farko zuwa ƙarshe kafin a sa shi, domin a tabbatar zaren bai manne ba. A ajiye shi a tsaye cikin gidansa, nesa da rana, nesa da maganaɗisun lasifika. Mafi muhimmanci, a kwafe shi. Waya ɗaya daga ramin abin ji na kunne zuwa mashigar sauti ta kwamfutar makaranta, da manhajar kyauta irin su Audacity, sun wadatar, a sa bolum ƙasa-ƙasa kada sautin ya fashe. In babu kwamfuta, ko ajiye wayar hannu a gaban lasifika a ɗaki marar hayaniya ya fi babu. Wannan aiki ne da ƙungiyar kimiyya ta kowace sakandare za ta iya yi wa garinta a zango ɗaya.

Ranar Juma'ar da ta biyo na mayar wa Baba rakodarsa. Muka fara sa wani tsohon kaset na wa'azi ya yi gefe guda cur bai cije ba. Sannan na ɓalle kunnuwan na marigayi, na juya shi da biro, jikan Baba ya ajiye wayarsa a gaban lasifika ya danna ɗauka. Muryar ta fito da sallama, ta shiga gaishe da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, tana tambayar labarin damina da na wata gona da ke bakin fadama. Baba ya ɗaga hannu ya ce a tsayar, ya aika a kira tsohuwa daga cikin gida, ya ce a mayar da shi farko.